Gidan Gyaɗi-Gyaɗi da na gyara ina zaune a Riyad

Sau biyu kawai na taka ƙafa cikin gidan kafin in biya kuɗinsa. A watan Nuwamba na 2022 na zo Kano hutun shekara daga Riyad, inda nake aikin jinya. Hutun mako uku ne, a ciki akwai bikin ƙanwata, akwai gaishe-gaishen dangi, akwai ta'aziyyar waɗanda suka rasu ba na nan. Ana cikin wannan hidimar dillali ya kai ni wani tsohon gida a Gyaɗi-Gyaɗi: ginin bulo, ɗaki bakwai sun kewaye tsakar gida, rijiya a kusurwa, zaure a gaba. Kwanon ya yi tsatsa, silin ya rufto a ɗaki biyu, bangon baya kuma daga ƙasa har zuwa gwiwar mutum filastarsa zuba take da kanta, ta yi fari-fari kamar an barbaɗa kanwa.

Wurin ne ya ja ni. Da ƙafa mutum zai taka zuwa Asibitin Malam Aminu Kano, kuma na san irin wahalar da sababbin likitoci da ma'aikatan jinya ke sha wajen neman ɗan madaidaicin muhalli kusa da wurin aiki, musamman masu aikin dare. Niyyata in raba gidan uku, kowane sashe ciki da falo da kicin da banɗaki, kowa da ƙofarsa, in zuba 'yan haya. Kuɗin da zan sa gumin shekara huɗu ne, ina tsaye a kan marasa lafiya awa goma sha biyu a rana.

Gidan gado ne, magada tara. Wani abokin maigidana da ke aikin lauya shi ya taka mini birki. Ya ce kada in ba da ko sisi sai ya ga takardar rabon gado daga kotu, sai kowane magaji ya sa hannu har matan da ke aure a wasu garuruwa, sai kuma an je ma'aikatar ƙasa an duba fayil an tabbatar ba a jinginar da gidan ba, ba a kuma sayar wa wani ba. A bakinsa na fara jin cewa tun dokar amfani da ƙasa ta 1978 filayen birni amana ce a hannun gwamna, abin da mutum ke riƙe da shi izinin zama ne, kuma canza suna a takardar mallaka sai da amincewar gwamna. Mai unguwa da limamin masallacin layin suka yi shaida. Na sa hannu a takardar wakilci ga ƙanena, aka kai zanen gyaran hukumar tsara birane ta KNUPDA neman izini, tunda za a fasa sababbin ƙofofi ta waje. Da aka tashi rusau a Kano a watan Yuni na 2023, kowa yana lalubo takardunsa, na yi ta sa wa lauyan nan albarka, duk da gidana ba ya cikin filayen da ake magana a kansu.

Kuskuren farko tun kafin in hau jirgi na yi shi. Ƙanena yana shekarar ƙarshe a jami'a, sai Umma ta ce yaro ne, a ba Kawu aikin, ƙaninta da suke ciki ɗaya, wanda ya tsaya a kan ginin gidansa da kansa kuma ya san magina. Ban yi musu ba. Na damƙa masa komai: shi ne mai riƙe kuɗi, shi ne mai sayen kaya, shi ne mai ɗauko ma'aikata, shi ne kuma mai gaya mini ko aikin ya yi kyau. Na tura masa kuɗi dunƙule, wajen kashi ɗaya cikin uku na abin da na ware, na ce a fara da rushe bangayen da za a rushe da ɗaga sababbi.

Sai aka faɗa rikicin canjin kuɗi. Babban banki ya sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka yanka wa tsofaffin wa'adin 31 ga Janairu 2023, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, sababbin kuma suka yi ɓatan dabo. Lebura ba ya cin taransifa. Yawancinsu 'yan ci-rani ne daga ƙauye, ba su da asusun banki, kuɗin yininsu suke so a hannu da yamma su sayi abinci. Kawu ya riƙa bin masu POS yana sayen tsabar kuɗi da la'ada mai nauyi, kuma wannan gaskiya ne, duk wanda yake Najeriya a lokacin ya shaida. Sai dai rikicin ya zame mana labule. Duk tambayar da na yi amsarta ɗaya ce: "Ai kin san halin da ƙasa take ciki." Hotuna kam suna zuwa ta WhatsApp, tulin bulo, tulin yashi, mutum biyu a kan bango. Wani dare bayan na taso daga aiki na jera hotunan mako uku ina dubawa, sai na lura tulin bulon guda ɗaya ne ake ɗauka ta fuska daban-daban. Akwai wani tsohon bokiti shuɗi a kansa da bai taɓa gusawa ba.

Ranar ban runtsa ba. Mutumin da ya saɓa ni a kafaɗa ya kai ni kallon hawan Sallah, da wane baki zan ce masa ya kawo rasit? A wurinmu tambayar kanta cin fuska ce. Da gari ya waye na kira ƙanena na ce ya je gidan ba tare da ya sanar da kowa ba, ya kira ni ta bidiyo. Ya je. Na ce ya ɗaga bulo ɗaya daidai ƙirjinsa ya saki. Ya saki, bulon ya tarwatse ya koma yashi. Ya ce, "Yaya, wannan ko da hannu sai in murje shi." Daga baya na samu bayani: bulo mai inci tara, in ana son mai ƙwari, buhun siminti ɗaya bai kamata ya fitar da abin da ya wuce talatin da 'yan kai ba, amma masu son riba suna matsa buhun har ya haura hamsin, su kuma sayar tun bulon bai sha ruwa ya ƙoshi ba.

Ta wajen Umma na bi. Ban ce mata an ci kuɗina ba, cewa na yi aikin ya yi wa Kawu yawa ga kuma kasuwarsa. Ta yi shiru na ɗan lokaci, ta ce, "To, bari in ji daga bakinsa." Bayan kwana biyu Kawu ya kira ni da kansa. Ya ce, "'Yata, akwai abin da ban gaya miki ba." Ashe matarsa aka yi wa aiki a asibiti, ya taɓa kuɗin da niyyar mayarwa, da ya ga giɓin ya ƙi cikewa sai ya koma sayen kaya masu araha don aikin ya nuna. Wallahi da ya tambaye ni da na ba shi, kuma na gaya masa haka. Na yafe abin da ya tafi a magani, ya mayar da ragowar da ke hannunsa. Har yau idan na tuna, rabin laifin a kaina nake ɗora shi. Na ajiye kuɗi masu yawa a hannun dattijo mai iyali, a shekarar da kowa yake cikin matsi, babu littafi, babu mai dubawa, babu ma hanyar da zan yi tambaya ba tare da an ga rashin kunyata ba. Bango biyu sai da aka rushe su har ƙasa.

Bayan ƙaramar Sallah aka sake ɗaura ɗamara, a wannan karon na raba aikin hannu uku. Wata abokiyar aikina 'yar Zariya ta haɗa ni da wani matashin injiniyan gini. Aikin da na ba shi na ido ne kawai: ya zo sau biyu a mako, ya duba, ya rubuto mini abin da ya gani, in biya shi kuɗin zuwa. Ba ya sayen kaya, ba ya kawo ma'aikata, saboda haka babu abin da zai samu in ya rufa wa wani asiri. Ƙanena shi ne mai karɓar kaya, ya ƙirga, ya rubuta a littafi, ya manna rasit, kuɗin da ke bi ta hannunsa kuma bai wuce na ruwa da sallamar lebura ba. Manyan kaya ni nake biya kai tsaye a asusun mai shago, rodi da fayif daga Ƙofar Ruwa, katako daga 'Yan Katako ta Na'ibawa. Ƙanena zai shiga shago uku ya jiyo farashi, ya kira ni a gaban wanda muka zaɓa, mu yi ciniki ta waya, in tura, a loda.

Birkila kuma jinga muka yi da shi gaɓa-gaɓa, aka rubuta, aka karanta masa a gaban shaidu biyu. Kafin alƙalami kaɗan ne, sauran sai injiniya ya ce gaɓar ta kammala, sannan kashi goma cikin ɗari na kowace gaɓa yana hannuna sai damina guda ta wuce a kan gidan bayan an gama. Dattijo ne da ya haura shekara talatin yana gini, kuma tsarin bai kwanta masa ba da farko. Ranar da aka haɗa mu a waya ya ce wa ƙanena, "Ina maigidan? Ni da shi zan yi magana." Na ce, "Baba, maigidan yana gaishe ka, amma gidan nawa ne, kuma ni zan biya ka." Ya ɗan yi jim, ya ce, "To Hajiya, Allah ya fid da mu kunya." Abin da ya sasanta mu shi ne ba na kwana da haƙƙinsa. In injiniya ya rubuto da azahar, kafin magariba kuɗi sun shiga. Magina sun sha wuya a hannun masu gida da ke riƙe musu guminsu, kuma mai gidan da ke wata ƙasa, wanda ba za a iya zuwa a tsaya masa a ƙofa ba, ya fi kowa ba su tsoro. Yadda nake zargi daga nan, haka su ma suke ɗar-ɗar daga can.

Hoto na daina karɓa gaba ɗaya. Bidiyo kawai, shi ma da ƙa'ida: a fara daga bakin titi, a faɗi rana da kwanan wata, a shiga ba tare da an yanke ba, a bi ɗaki-ɗaki, a ƙirga buhunan siminti da murya, cikakku da waɗanda aka zazzage. Riyad tana gaban Kano da awa biyu, sai ya zama ɗan hutun da nake samu da rana ya yi daidai da hantsinsu, lokacin da kwaɓi ya yi nisa. Sau da yawa a ɗakin canza kaya nake zama, abinci a cinya, waya a hannu, ina kallon kwanon sarki yana yawo a kan leburori ina ƙirga yashi nawa aka zuba wa buhu ɗaya.

Cikin 'yan makonni na gane inda ya kamata in zuba ƙarfina. Fenti da tayil da ƙofofi duk ranar da na zo zan gan su, in ba su yi ba a sake. Amma rodin da ke cikin linta, da fayif ɗin da ke cikin bango, da wayar wuta, da ledar da ake shimfiɗawa ƙarƙashin daɓe don tare danshi, da zarar siminti ya hau kansu magana ta ƙare, sai bayan shekara biyu bango ya fara ba da labari. Sai na kafa doka guda da ban yarda a taka ba: duk abin da za a binne, ba za a rufe shi ba sai na gani a bidiyo kuma injiniya ya taɓa da hannunsa. Wannan dokar ta sha tsayar da aiki yini guda, wani lokaci yini biyu, ana biyan lebura yana zaune. Ban taɓa nadamar ko yini ɗaya a ciki ba.

Bangon bayan nan mai kanwa shi ya fara nuna amfanin wannan sa ido. Baba birkila ya ce a kankare filastar a sake sabuwa, a bi da fenti mai mai, shi ke nan. Injiniya ya ce ruwa ba ya tsami banza, a tona gindin bangon tukuna. Aka tona. Ashe tsohon sokawe ne jingine da fandisho, ya fashe, ya yi shekaru yana tsiyaya cikin ƙasa, kuma tsakaninsa da rijiyar bai wuce taku shida ba. Da na ga haka a waya sai da tsigar jikina ta tashi, don na yi jinyar masu amai da gudawa da masu taifot, na san abin da irin wannan rijiyar ke haifarwa. Mutanen gidan sun yi shekaru suna sha. Aka kwashe ramin aka cike shi, aka gina sabo ta wajen zaure, rijiyar ma aka cike ta, aka haƙa burtsatse a ɗaya kusurwar aka yi wa wuyanta siminti. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a lissafina na farko. Kuɗin da na ware don shimfiɗa bulon ado a tsakar gida su suka tafi a nan, tsakar gidan ta tashi da daɓen siminti.

Na biyu fayif ne. Kafin filasta injiniya ya sa aka toshe bakin kowane fayif, aka cika tanki, aka bar ruwa ya kwana a ciki. Da safe mahaɗa biyu suna tsattsafo, mai famfo ya manta bai sa musu gam ba. Gyaran bai ci minti goma ba, alhali da an rufe sai an fasa tayil ɗin banɗaki guda. Na uku kuma wayar wuta. Mai wayarin ya zo da tasa, ya ce ya samo mini da sauƙi. Injiniya ya fere bakinta ya kankara da wuƙa a gaban kyamara, sai ga fari ya bayyana: alminiyam ce aka yi wa rufin jan ƙarfe. Aka mayar masa da kayansa, na sayi wata da kaina, mai kaurin 1.5 don fitilu, 2.5 don soket, 4 don na'urar sanyaya ɗaki da hita. Duk wanda ya tashi a Kano ya san yadda gobara ke yawaita da hunturu, kuma ba zan kwantar da 'ya'yan mutane a kan wayar da na san za ta yi zafi cikin bango ba.

Ana cikin haka ƙasa ta sake juyawa. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin mai a jawabinsa na rantsuwa, cikin 'yan kwanaki litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500. A tsakiyar Yuni babban banki ya sakar wa naira mara, dalar da ake ba da ita wajen naira 460 a hukumance ta fara hawa, zuwa Fabrairu 2024 ta haura 1,500. Riyal ɗaure yake da dala, riyal 3.75 a dala ɗaya, don haka albashina ya ƙaru in aka juya shi naira. Amma kowa ya san da haka. Da mai shago ya ji lambar waje ce ke kira, farashi ya canza. Sai muka koma ƙanena ya gama ciniki tukuna, ni biya kawai nake yi. Farashin da aka faɗa da safe ma ba ya kaiwa la'asar. Duk abin da ba ya lalacewa na saye shi da wuri: kwano, tayil, ƙofofin ƙarfe, kayan banɗaki, aka zuba a ɗaki ɗaya aka sa kwaɗo, muka ɗauki mai gadi.

Siminti ne ba ya ajiyuwa, yana shan danshi ya daskare, don haka na mako biyu kawai muke saye, a jera a kan katako nesa da bango. A tsakiyar 2023 buhu yana wajen naira dubu biyar. Ganin yana hawa, a watan Disamba na biya wani dila kuɗin buhu sittin a kan zan riƙa ɗiba a hankali. A Fabrairu 2024 buhu ya haura dubu goma, har sai da gwamnatin tarayya ta zauna da manyan kamfanonin siminti aka yi maganar tsayar da shi tsakanin dubu bakwai da dubu takwas. Ƙanena ya je ɗiba, dila ya ce kaya sun ƙare, in ina so ya mayar mini da kuɗina. Rasit ɗin da ke hannunmu adadin kuɗi kawai ya nuna, bai ce buhu nawa ba. Sai da dattawan kasuwa suka shiga tsakani ya ba da arba'in. A daidai wannan lokacin Baba birkila ya nemi ƙari a kan jingarsa. A takarda ba shi da hujja, amma kwanon masara da na shinkafa sun ninka, kuma yaransa da kuɗin suke ci. Na ƙara masa, aka rubuta ƙarin a ƙasan takardar farko.

Watannin da muka rasa a farko su suka jefa aikin rufi cikin damina, lokacin da mai hankali ba ya yaye kwano. Da aka ɗaga na farko sai aka tarar gara ta cinye katakon, wasu da yatsa ake huda su. Ga shi ruwan shuka ya sauka, rabin leburori sun tattara sun koma gona, kuma babu kuɗin da zai riƙe ɗan ci-rani a birni in gonarsa na jiransa. Kafinta ya ce a bi sashe-sashe, kada a taɓa na gaba sai an rufe na baya. Duk da haka wani dare a watan Yuli ƙanena ya kira ni, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, iska ta yage tamfol, ruwa ya sauka a kan buhu goma sha biyu. Ina jin ƙarar ruwan ta waya, ina kwance a garin da ko gajimare babu, babu abin da zan iya sai addu'a. Sabon katakon kuwa sai da aka jiƙa shi da maganin gara kafin ya hau, aka kuma ɗaure shi da rodin da aka bari ya fito daga kankaren saman bango, saboda iskar farkon damina da ke ɗauke rufi ɗungurungum.

Rufin ne ya haɗa ni da maƙwabcina na baya, wani dattijo mai ritaya. Ya aiko cewa ruwan sabon kwanona a tsakar gidansa yake zuba, tagar banɗakin da aka fasa kuma tana kallon inda iyalinsa ke girki. Baba birkila ya ce ai tun da can haka ruwan yake sauka. Na ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na karɓi lambarsa ta hannun mai unguwa na kira shi da kaina, na gaishe shi, na ba shi haƙuri. Aka sa wa kwanon makwararar ruwa aka juya shi zuwa kwatar titi, tagar kuma aka toshe aka fasa ƙarama can sama. Mutumin da ba ya gari ya fi kowa buƙatar maƙwabci. Dattijon nan shi ne daga baya ya kira ni wani dare ya ce, "Hajiya, na ga baro yana fita da yashi daga gidanki, ko da saninki?" Ba da sanina ba ne, kuma daga ranar aka canza mai gadi.

Sauran aikin ya tafi ba hayaniya. Kowane sashe aka nema masa mitarsa ta kati daga kamfanin wuta na KEDCO, don na san rikicin kuɗin wuta shi ke haɗa 'yan haya faɗa. Famfon burtsatse aka ɗora shi a kan sola. Wata shida na ɗibar wa aikin, ya ci wata goma sha shida, kuɗin kuma sun zarce abin da na ƙiyasta da fiye da rabi.

Bayan ƙaramar Sallah, a Afrilu 2024, na sauka Kano. Washegari da sassafe na tafi gidan ni da ƙanena. Gani ya kori ji: gidan da na sani lungu-lungu a waya, sai na ji shi baƙo a ƙafata, falon ya fi yadda na zata faɗi, kicin ɗin ya fi ƙanƙanta. Na sa aka ɗebo ruwa a bokiti na sheƙa a kowane banɗaki. Biyu ruwan ya bi hanyarsa, na ukun ya taru a bayan ƙofa, gangaren ya juya baya. Na bi tayil ɗaya bayan ɗaya ina ƙwanƙwasawa da mukulli, guda goma sha ɗaya suka amsa da ƙarar fanko, alamar ba su sha siminti ba. Ƙofa ɗaya tana gogar ƙasa. A kicin na tsakiya akwai wani ɗan wari da ke tasowa daga magudana, an manta ba a sa lanƙwasar da ke tare iska ba. Ko ɗaya cikin waɗannan kyamara ba ta taɓa nuna mini ba. Da yake kashi goman kowa yana hannuna, ba a yi jayayya ba, cikin mako guda aka gyara.

Kafin a ba da mukulli Umma ta ce a tara malamai a yi addu'a. Na je har gida na gayyaci Kawu. Ya zo, ya zaga ɗaki-ɗaki yana bubbuga bango da tafin hannu, ya tsaya a inda aka rushe nasa, ya daɗe a wurin. Ya ce, "Gini ya yi, 'yata. Allah ya sa albarka." Muka ci abinci a zaure ɗaya shi da ƙanena da injiniya da Baba birkila, ni da Umma muna daga ciki. Haya kuwa lauya na bar wa, shi ke rubuta yarjejeniya, kuɗi kuma asusuna suke shiga kai tsaye. Kafin in koma an kama sashe biyu, na ukun bayan wata guda.

A watan Agusta, da ruwa ya kankama, likitar da ke sashen tsakiya ta turo mini bidiyo: wuri ɗaya a silin ɗin kicin ya yi tabo kamar faɗin faranti. Kafinta ya hau washegari, ƙusa ɗaya ce robarta ta tsage, ya canza. Sauran ɗakunan a bushe, bangon baya ma a bushe har gindinsa. Da ruwa ya ɗauke a watan Oktoba na tura wa kowa ragowar kuɗinsa. Da daddare Baba birkila ya turo saƙon murya ta wayar ɗansa. Bayan godiya da addu'a ya ce akwai wani kango a bayan layin da magada ke son sayarwa, dillalai ba su ji ba tukuna, in ina so gobe zai ɗauki diga ya je ya tona mini gindin bangon ya gani.